Bangon da Hannun Kawu Bai Kai Ba

Jiya a unguwar Manfuha, nan ƙasar Larabawa, ina kakkaɓe motar marigayi kawuna, sai wani hoto ya faɗo: tsohuwar hasumiyar dutse a Ireland, ciyawa koriya shar kewaye da ita. Wata nas 'yar can da yake yi wa direba ce ta ba shi.

Kawu ba ya wuce tsohon gini sai ya shafa shi. Ranar da ya kai ni tsohuwar fadar Masmak da ke garin nan, ya ɗora tafina a bangon laka mai ɗumi, ya ce, "Ɗana, kallo kawai ba ziyara ba ce. Taɓa ka ji."

Har ya rasu yana burin zuwa Ireland ya taɓa hasumiyar nan. Sau biyu ana hana ni biza, gobe zan sake nema.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu, Ya kai hannuna inda naka bai kai ba.