Aljanar Lambun Kawu

Mutane suna zaton mai rubuta labarin ban tsoro sai gari ya yi tsit yake aiki. Ni kuwa a gindin darbejiyar firamaren da nake koyarwa nake nawa, in an fita tara, yara na ihu a kaina, ina latsa waya da yatsa ɗaya.

Waccan shekarar na shige ta ne da wani labari da na gama a ƙarshen kaka, a kan tsohon karofin da ke bayan garinmu, inda aka daina rini tun ban yi wayo ba. Shafi-shafi nake saki a zaurukan mata na waya. Sai wani mai karanta littattafai a birni ya nemi izinina ya naɗe shi da murya, ya haɗa masa da kukan mujiya da ƙarar ƙyaure. Masu cajin waya na kasuwarmu suka riƙa tura wa mutane a memori. Da haka labarin ya zagayo gida, ya shiga kunnen waɗanda ba su taɓa karanta ko layi ɗaya nawa ba.

Cikinsu har da Kawu, ƙanin mahaifiyata, mai lambu a bakin magudanar ruwan Watari. Wata Juma'a bayan an sauko ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, da gwaiba cikin leda. Kawu ba ya zuwa da tsaraba haka kawai, don haka na shimfiɗa masa tabarma na zauna ina jira. Ya tambayi yara, ya tambayi maigida, ya yi ƙorafin tsadar taki. Sannan ya ce ya lura tun da abin nan nawa ya fito, ko akuya ba a korawa ta hanyar karofi.

"'Yar nan, so nake ki saka mini guda ɗaya a lambuna."

"Guda ɗaya me, Kawu?"

"Irin na karofin nan. Ba sai babba ba."

Ashe ɓarayi ne suka dame shi. Yau a karya rake, gobe a kakkaɓe gwaiba, har tiyon injin ban-ruwa an taɓa naɗewa an tafi da shi. Ya sa mai gadi, mai gadin ya fi ɓarayin ci. Na yi dariya har na kusa ƙwarewa, na ce masa ni ba odar aljanu nake karɓa ba. Da maigida ya dawo daga kasuwa na ba shi labari, shi ma ya dara, amma ya ce in dai bi a hankali, aljanu halittar Allah ne, kada in je ina yi musu ƙazafi.

Gaskiyar magana, a lokacin kaina babu komai. Masu karatu suna ta tambayar sabon labari, ni kuma in na buɗe waya sai in rufe. Saboda haka wata Asabar na ɗauki ƙaramar 'yata muka je lambun, da sunan gaisuwa. Giginya biyu ne a bakinsa, sai wani katako da aka gitta a kan magudana ana tsallakawa. A lambun maƙwabcinsa na hango mata suna kwashe kayan miya. Wata ta durƙusa gaban kwandonta ta kira 'yar'uwarta ta ɗora mata. Kafin mu iso gida na samu labarina.

Tsohuwa ce, 'yar ƙarama, mai tsafta, da gammo a ka. Takan tsaya a ƙarshen kunya da kwandonta, ta ce wa mai wucewa, "Ɗora mini." Duk wanda ya sunkuya ya ɗaga, sai ya ji kayan a kansa, kuma ba ya sake sauka. Da shi zai kwana, da shi zai yi salla, wuyansa na shigewa kaɗan-kaɗan. Ban ambaci sunan gari ba, amma na sa giginya biyu, na sa katakon nan.

Ban taɓa rubuta abin da ya karɓu kamarsa ba. Wata daga Gezawa ta turo mini cewa ta daina taya kowa ɗaukar tulu. Wata ta ce in ji tsoron Allah, wuyanta na ciwo. Da mai karatun nan na birni ya naɗe shi, muryar ta iso kasuwa, Kawu ya aiko mini da rake ɗauri guda, ya ce a gaya mini aiki ya yi kyau.

Sai tumatir ya nuna.

Tumatir ba ya jiran kowa. Matan da suka saba yi wa Kawu tsinka kuwa suka ce sun gode, su ba za su shiga tsakanin giginyun nan ba. Wannan karon da ya zo babu leda a hannunsa, ko zama bai yi ba.

"Kashe ta za ki yi," in ji shi. "Yau ɗin nan."

Na yi masa bayanin cewa ko na kashe ta yau, kafin a naɗa, a tura, ya iso memorin mutane, tumatir ya zama ruwa. Ya ce wannan kuma ni ta shafa, ni na kawo ta. Ban tuna masa wanda ya yi odar ba, Kawu ne.

Da la'asar na tafi gidan dattijuwar da ke haɗa masu tsinka, wadda duk muke kira Iya. Na same ta tana tankaɗe. Na rantse mata cewa ni na ƙirƙiri tsohuwar nan da yatsana, a gindin darbejiya. Ta ce ai ta sani, ita ba yarinya ba ce, ta san ƙarya in ta ji ta. Sai dai a cewarta wanda ya yi ta kiran abu, wata rana abin yakan amsa. In na tabbata babu komai, in zo gobe in fara shiga, su biyo ni.

Haka kuwa aka yi. Da sassafe na ɗaura zani a kan doguwar riga, na tsallaka katako, mata na biye da ni a jere kamar masu rakiyar amarya. Rabona da aikin gona tun ina budurwa. Kafin hantsi bayana ya ƙage, hannuna ya yi kore shar da ganyen tumatir, su kuwa sun manta da tsoro sun koma yi mini tsiya. Suka ce malama mai aljanu ba ta iya bambanta nunanne da mai shirin nuna ba. Kawu na can gefe yana jera kwanduna, fuskarsa ta saki.

Wajen azahar na miƙe a ƙarshen kunya ina dafe da ƙugu, sai na ji wata siririyar murya a bayana.

"'Yar nan, ɗora mini."

Na juya. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, da gammo a ka. Na san ta sarai, maƙwabciyar Iya ce, jikarta ma a ajina take. Amma wallahi sai da na ja da baya, bakina ya kama a'uzubillahi ba tare da na sa shi ba. Lambun ya kaure da shewa. Ashe shirya mini suka yi tun a hanya. Na sunkuya na ɗora mata, ta tafi tana rangaji, har yau in mun haɗu a gidan suna sai ta dafa wuya.

Daga baya na rufe labarin yadda kowa zai huta. Masu karatu sun ƙi yarda a kashe ta, don haka na sa wani malami ya lallashe ta ta yi ƙaura zuwa wani daji mai nisa da babu shi a ko'ina. Ɓarayi ma suka ji, suka dawo wa gwaiba. Kawu ya sayi kare.

Da damina ta sauka na ce bari in buga shi ya zama littafi, in riƙe abina a hannu. Maigida ya kai wa wani mai ɗab'i a birni. Na ce a zana mini tsohuwa da kwando a bango. Abin da aka turo mini wani ƙoƙon kai ne mai fiƙa, sanye da baƙar hular Turawa, jini na zuba. Mai zanen ya ce haka kasuwa ke so. Muka yi ta ja-in-ja ta waya har gero ya fara fitar da kai. A ƙarshe na ɗauki hoton kwando da gammo a tsakar gidanmu na tura, na ce in ba wannan ba a fasa. Ya sa, amma sai da ya ɗiga masa jini a gefe.

Karatu kam ban yi da yawa ba a shekarar. Wata ƙawata da ke koyarwa a Dawakin Tofa ta ara mini wasu littattafan ban tsoro na Ingilishi da ta tsinto a wajen masu gwanjo. Duk a manyan gidaje ake yin su, masu ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, kuma kullum sai wani ya sauka shi kaɗai ya duba. Na yi ta mamakin mutanen da ba su da maƙwabta. Na dai koyi abu ɗaya a wurinsu, yadda suke jan rai kafin su nuna abin tsoron.

Karatun da na fi jin daɗinsa shi ne wanda na yi wa Inna, mahaifiyata, da littafin ya iso bayan an cire gyaɗa. Ba ta sauraron memori, ta ce hayaniya ce. Kullum da yamma nakan leƙa, tana ɓarar gyaɗa ina karantawa. Ko sau ɗaya ba ta razana ba. Abin da ya dame ta shi ne wata yarinya a cikin labarin ta fita tun azahar, kuma ba a ce ta yi la'asar ba. Da muka kai ƙarshe ta hure ɓawo daga faifai.

"Ita tsohuwar, ba ta da 'ya'ya ne da za su ɗaukar mata?"

Na ce ban taɓa tunanin haka ba. Ta ce to ya kamata in yi. Sannan ta turo mini ƙwaryar gyaɗar da ta rage, ta ce in ajiye littafin haka nan in sa hannu, magariba ta kusa.