Wankin Cikin Injin Feshi

Shekarar da na ajiye aiki na kwashe komatsaina daga Garki na koma Orozo, taƙamata a duniya ɗaya ce: ni mutum ne mai tattalin kaya. Shekara talatin da ɗoriya ina riƙon fayil-fayil a ofis, ba a taɓa samun kunnen takarda ya naɗe a hannuna ba. Da wannan taƙama na faɗa noma, ni da rabona da fartanya tun firamare, can ɗin ma horo aka ba ni.

Akwai 'yar gona a bayan gidana, na shuka wake a ciki. Daga iyakata zuwa bakin rafi kuwa lambun maƙwabcina ne, wani dattijo mutumin Filato, Kirista, wanda ya daɗe yana gadi a Wuse kafin ya koma sana'ar iyayensa. Tumatir yake nomawa, kunya arba'in, kuma da shi yake riƙe da gidansa, don ba shi da fansho irin nawa. Ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Oga. Na roƙe shi ya daina har na gaji na ƙyale shi.

Gidan Baba ne rumbun aron unguwa. Baro, diga, shebur, adda, tsani, duk wanda ya rasa can yake nufa. Mutane kuma ba su da kunya. Wani zai dawo da shebur siminti ya bushe a jiki, wani ya kawo adda da giɓi ya jingine a ƙofa ya sulale. Ni kuwa ranar da na ari baro, sai da na wanke shi, na ƙara wa tayar iska, na ɗiga mai a gindinta kafin na mayar. Baba ya tura shi gaba ya ja shi baya, bai ji ƙara ba. Daga baya labari ya iso mini cewa ya faɗa a teburin mai shayi wai duk unguwar Oga ne kaɗai ya san yadda ake mayar da kayan aro. Ba zan ɓoye ba, maganar ta shiga kaina sosai, har tafiyata ta canza.

Da damina ta ja baya wakena ya fara fure, ƙwari suka sauka masa. Na je na ari injin feshin Baba, irin na goyo, mai tanki da hannun famfo da tiyo da sanda. Shi kaɗai gare shi, kuma ba kowa yake ba wa ba. Ya nuna mini yadda ake haɗa magani, ya ce in dawo da shi kafin Asabar da yamma, don tsutsa ta fara taɓa masa tumatir. Ranar Alhamis na yi wa wake feshi. Ranar Juma'a na dubi ciyawar da ta cinye gefen katangata da hanyar shiga gona, na dubi injin a jingine ba ya aikin komai, sai dabarar ɗan ofis ta zo mini. Na sayo maganin kashe ciyawa na zuba a ciki na bi katangar kaf.

Sannan na zauna wanki. Na sa soso da sabulu na goge bayan tankin har yana ɗaukar ido. Na wanke igiyoyin goyo na shanya. Na sa wa hannun famfo mai. Cikin tankin kuwa na zuba ruwa sau ɗaya na girgiza na zubar, na ga ruwan fari tas, na ce shi ke nan. Na kai wa Baba da yamma, ya juya injin ya yi murmushi ya ce, “Oga, kamar sabo.” Na dawo gida ina jin kaina.

Asabar bayan La'asar na biya shagon matar da ke sayar da maganin gona a bakin titi, wata 'yar kudancin Kaduna mai baki kamar reza. Ba sayayya ta kai ni ba, na je ne in ba ta labarin yadda ciyawata ta fara laushi. Tana auna wa wani taki ta tambaye ni da wane inji na yi feshin. Na ce na Baba mai tumatir. Ta ajiye mudun.

“Alhaji, ka wanke shi?”

“Ƙal,” na ce. “Ke ma da kin gani.”

“Ka buga famfo ruwan sabulu ya bi ta tiyo ya fita ta baki? Sau nawa?”

Ta ce maganin ciyawa ba a bayan tanki yake zama ba. Yana maƙalewa a cikin famfo da tiyo da robobi, kuma ɗan abin da ya rage ya isa ya murɗe ganyen tumatir ya zubar da fure. Ta ce shi ya sa Baba bai taɓa sayen maganin ciyawa a wurinta ba, da fartanya yake nome lambunsa, don injinsa ya zauna da tsarki. Duk wani manomi ya san haka, in ji ta, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin gaya mini.

Na dubi rana, ta yi sanyi, daidai lokacin da Baba ya ce zai yi feshi. A nan zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai matata. Na tsaya a ƙofar shagon nan na ɗan lokaci ina lissafin banza. Baba bai ga lokacin da na fesa ciyawa ba. In tumatir ya lalace za a ce cuta ce, ko rana, ko iri. Sunana zai zauna yadda yake a teburin mai shayi. Wannan tunani ya zo mini, kuma har yau ina jin kunyarsa. Sai na tuna kunya arba'in ɗin nan, da yadda na sha ganin dattijon a durƙushe yana ɗaure kowane tsiro a jikin kara. Na tare ɗan acaɓa na ce ya kai ni bakin rafi, ya yi sauri.

Daga nesa na hango shi, injin a bayansa, hannun hagu na buga famfo. Na sauka na ratsa gonar mutane da gudu, babbar riga a kafaɗa, takalmi ɗaya ya tsaya a laka ban koma kansa ba. Na isa na riƙe sandar feshin na karkatar da ita ƙasa. Ya gama kunya uku ke nan.

“Lafiya, Oga?”

“Ba lafiya, Baba. Na sa maganin ciyawa a injin nan jiya, kuma bayansa kawai na wanke.”

Ya dube ni, ya dubi kunyoyin da ya jiƙa. Ya sauke injin a hankali ya ajiye can gefe. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ɗauko bokiti.” Muka dinga jido daga rafi muna kwarara wa tsiran nan ruwa, ganye ta sama ganye ta ƙasa, har aka kira Magariba. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da muka gama na ce gobe zan shiga gari in sayo masa sabon inji. Ya girgiza kai.

“In na karɓa, gobe talaka ba zai zo aro gidana ba, zai ji tsoro. Ni aro na ba ka, ba ciniki muka yi ba.”

Na ce to mu ari na wani. Ya ce injinan unguwar duk sun sha maganin ciyawa, ba zai kai ko ɗaya kusa da tumatirinsa ba, nasa ma yanzu ya zama irinsu. Tsutsa kuwa zai bi ta da hannu, abin da Allah ya bar masa ya ɗauka. Na san tsutsa ba a gama ta da hannu a kunya arba'in. Na sunkuya na ɗauki injin na ce ya ba ni kwana uku.

Washegari na koma wurin mai shago, wannan karon a matsayin ɗalibi. Ta yi mini dariya son ranta, sannan ta koya mini. Na kwance injin gaba ɗaya a tsakar gida, na jera sassansa a kan tabarma bi da bi don kada in rikice wurin mayarwa. A nan dai aikin ofis ya yi rana. Tiyo da robobi na cire na sa sababbi, don ta ce roba shan magani take yi ba ta saki. Bakin feshi da matatarsa na bi su da tsohon buroshin haƙori. Na cika tanki da ruwan zafi da garin sabulu, na buga famfo har ya ƙare ta baki, na sake, na sake. Na jiƙa shi da ruwan toka ya kwana, da safe na ɗauraye na koma farko. Ruwan wankin kuma rami na haƙa masa nesa da rafi. Kafaɗata ta riƙe, tafin hannuna ya yi kanta. Matata ta tsaya a kaina da kofin shayi ta ce, “Malam, shekara talatin muna tare, ban taɓa samun irin kulawar da injin nan ya samu ba.” Na ce ita ai ba ta sha maganin ciyawa ba.

Ranar Laraba da safe na goya shi na kai wa Baba. Ya buɗe tanki ya shinshina, ya kwance baki ya duba a rana. Ya ce ido da hanci ba sa ganin wannan abu, sai dai a gwada a kan ciyawar bakin hanya a jira. Na ce ciyawar bakin hanya taurin rai gare ta, ko da saura ba lallai ta nuna ba. Na ce ya biyo ni.

Na cika tankin da ruwa zalla a gabansa, na shiga tsakiyar wakena, inda ya fi kyau, inda fure ya fi yawa. Wake ma mai faɗin ganye ne, abin da zai taɓa tumatir ba zai bar shi ba. Matata ta leƙo ta katanga ta ce, “Malam, waken da kake ta lissafin ƙosai da shi?” Na ce shi. Na buga famfo na jiƙe kunya biyar sharkaf. Wannan ne amfanin gona na farko da na taɓa shukawa a rayuwata, kuma ina son sa fiye da yadda ya kamata babba ya so wake. Baba yana tsaye hannu a baya yana kallo.

Kwana shida muka jira. Kullum bayan Asuba sai in leƙa wakena, sannan in gangara lambun Baba mu bi tumatir muna tsince tsutsa muna jefawa a gwangwani. A kwanakin nan na koyi duba bayan ganye, na koyi gane ƙwai, na kuma ga abin da na jawo. Kunyar farko da ta sha feshin, ganyenta ya murɗe ya dunƙule, furen ya zube, ba ta tashi ba. Biyun da ke biye sun yi laushi, sannan suka fitar da sabon toho. Muna aiki Baba ba ya yawan magana, amma a rana ta huɗu ya miƙo mini rabin dafaffen rogonsa, na karɓa na ci.

Ranar Talata ya zo gonata da kansa tun rana ba ta ɗaga ba. Ya shiga kunyoyin nan biyar ya durƙusa. Bai kula tsofaffin ganye ba, kan toho yake bi, ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe ƙananan ganyen da yatsa. Duk a miƙe suke, kore shar, ƙudan zuma na ta shawagi a kan fure. Ya kai ƙarshen kunya ta biyar ya miƙe yana dafe da ƙugu.

“Oga,” ya ce, “maganin ya fita.”

Daɗin da na ji a wurin nan ban ji irinsa ba ko ranar da aka ƙara mini girma a ofis. Ni da kaina na ɓata abin, ni kuma da hannuna na gyara shi, ga shaida a tsaye tana fure.

Da yamma ya haɗa maganin tsutsa, ya goya injin ya shiga lambu. Na tsaya a bakin kunya ina kallo, don na ga ba ni da hurumin matsawa kusa. Ya yi kunya ɗaya ya dawo, ya tsaya a gabana, ya zare igiyar daga kafaɗarsa. Na ɗauka wani abu ya samu injin. Sai ya juyo da shi ya ɗora mini a baya, ya gyara mini igiya, ya danƙa mini sandar a hannu.

“Bayana ya gaji,” ya ce. “Ka gama mini sauran. Ka riƙa bi ta ƙarƙashin ganye.”

Ya koma gindin mangwaro ya zauna, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Na buga famfo na shiga cikin tumatirinsa.