Tsohuwar da Ke Ƙarƙashin Gidan su Nazire

Nazire tana da shekara bakwai aka kawo su Gelveri, wani gari a Turkiyya, a 1924, shekarar da aka yi musayar mutane: Musulmin ƙasar Girka su dawo Turkiyya, Kiristocin Turkiyya su koma Girka. Daga wani ƙauye kusa da Kozani aka kwaso su, kuma ba su jin Turkanci ko na zo in kashe ka. An miƙa wa babanta Sadullah makullin wani gidan dutse da ya jingina da tsauni. Masu shi ba su fi kwana goma da tafiya ba, don har da sauran toka a tanderu.

Kwanansu uku, da hantsi, Nazire na ɗakin girki tana tsince alkama sai ta ji tari a ƙarƙashin ƙafarta. Ta kasa motsi. Aka sake yi. Ta watsar da faifan ta fita a guje.

"Inna, akwai aljani a ƙasan ɗakin."

Rukiye, mahaifiyarta, ta ture randar hatsi, sai ga faffaɗan dutse, ƙarƙashinsa matakala. Ta kunna fitila ta sauka, Nazire na riƙe da gefen rigarta don tsoron zama ita kaɗai ya fi tsoron shiga. Ɗakuna ne sassaƙaƙƙu cikin dutse. Ɗaya wurin ibadar Kiristocin farko ne, bangonsa cike da zanen fuskoki masu manyan idanu. Na can ciki ya fi shi tsufa, ramuka ne a jere a jikin bango, kaburburan mutanen da suka riga Annabi Isa zuwa duniya. A bakin ɗakin ibadar wata tsohuwa ke zaune, kusan makauniya, da tulun ruwa da ƙunshin busasshen inabi. Sunanta Makrina. Ranar tafiya ta sulale daga cikin ayari ta dawo gidanta ta ɓuya.

Da Sadullah ya ji, sai da ya zauna a ƙasa.

"Idan jandarma suka sani, gidan nan za su karɓe. Ina za mu nufa?"

"To, tashi ka je ka miƙa ta," in ji Rukiye. "Ni dai ba da hannuna ba."

Ya sa takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa har ya gaji, ya dawo ya cire. Sannan ya kama kunnen Nazire ya ce ko cikin barci ta faɗa, sai ya yanke mata harshe.

Ita aka ɗora wa kai abinci, don maƙwabta ba za su lura da ɓacewar yarinya ba. Kullum sai ta sauka da kwanon miya, idanun bangon na bin ta, tana sauri har miyar ta zube. Tsohuwar takan ji ɗigar, ta yi dariya ta ce wata magana, sannan ta laluba fuskarta da yatsu masu sanyi. Makrina Turkanci kaɗai take ji, don haka a bakinta Nazire ta fara koyon harshen. Daga baya ta gane abin da take cewa: "Bar shi, ƙasa ma 'yar gida ce, ta sha nata."

Wata rana jandarma biyu suka zo ƙirga mutanen gida, suka shigo har ɗakin girki. Aka tsayar da Nazire a kan dutsen. Tana jin tarin na tasowa daga ƙasa, sai Rukiye ta ɓarke da nata tarin, ta yi ta yi har idanunta suka kawo ruwa. Ɗaya ya ce, "Baiwar Allah, nemi magani," suka fita. Sai a lokacin Nazire ta ga ta jiƙa wandonta.

Sanyi bai ƙare ba ta sauka wata safiya ta tarar da Makrina ta sandare. Sadullah ya naɗe ta da bargo, ya sa ta a ɗaya daga ramukan nan na mutanen dā, ya toshe matakalar da duwatsu da laka.

Nazire ta girma, ta auri Muharrem mai gonar inabi, suka zauna a gidan, ta haifi biyar. An canza wa garin suna zuwa Güzelyurt. Iyayenta suka rasu, sirrin ya zama nata ita kaɗai. In ta hango mai kaki sai ta shige ɗaki. Da Muharrem ya so haƙa rumbun dankali a ɗakin girki, kuka ta sa masa har ya haƙura, yana cewa, "Ke da inuwarki ma ba ku shiri." Ya mutu bai san dalili ba.

A kakar 1985 wata mota ta kawo tsofaffi daga Girka su ga garin haihuwarsu. Nazire na tsakar gida tana dafa matsattsen inabi don yin zumarsa sai wani dattijo mai sanda ya yi sallama da tsohon Turkancin garin. Ya ce sunansa Bodos, a gidan nan aka haife shi.

"Kada ki damu, 'yar'uwa, ba gida na zo nema ba. Kakata ce ta ɓace mana ranar tafiya. Mahaifina ya mutu yana tambayar inda ta faɗi. Ko kun ji labarinta?"

"Gidan wayam muka same shi," ta ce.

Ta shiga ta haɗo shayi. Tana miƙa masa, kofin ya karkace, shayin ya zube a ƙasa. Ba ta san sa'ad da bakinta ya ce ba: "Bar shi, ƙasa ma 'yar gida ce, ta sha nata."

Bodos ya ajiye kofin a hankali.

"Mutum ɗaya na sani a duniya da ke faɗar wannan."

Nazire ta zame ta zauna.

"Ɗaure ni za su yi?"

"Wa zai ɗaure ki? A kan me?"

Ta ba shi labarin daga tarin farko har bargon, tana yi tana duban ƙofa. Babban ɗanta ya zo ya tsaya baki buɗe, sannan ya ɗauko diga ya fasa toshiyar. Nazire ce ta shige gaba da fitila, tana dafa bango, ta nuna rami na uku daga hagu. Bodos ya durƙusa ya yi addu'a irin tasu, ita kuma ta karanta Fatiha a bayansa, don ita ce addu'ar da ta sani.

Da suka fito ɗan ya tambaye shi ko zai tafi da ƙasusuwan.

"Matar da ta gagari gwamnati biyu, ni wane ne da zan ɗauke ta?" in ji Bodos.

Ya kwana biyu a gidan, ya koma da tulun zumar inabi. Labarin ya zagaye gari, ba wanda ya zo kama kowa. Mata dai suka yi ta zuwa suna cewa a sake ba su daga farko, Nazire kuma takan ba su, muryarta ƙasa ƙasa, bayan ta sa an tura ƙofa. Ta rasu bayan shekara shida, lokacin tsinkar inabi.