Lokacin da Ake Yabon Ciwon Yayata

Yayata tela ce a unguwar Yara, cikin garin Keffi. Tun muna 'yan mata akwai lokutan da takan zama kamar an kunna ta. Ba ta barci, ba ta gajiya, magana na fita daga bakinta wata na korar wata. A irin lokacin ne dangi ke tunawa da ita. Wannan ta kawo ɗinkin anko, waccan ta ce ta zo ta kama musu girkin suna, wata ta aike ta har Nasarawa. Gwaggonmu sai ta riƙa nuna ta ga baƙi tana cewa babu mace mai zafin nama irinta. Ba wanda ya taɓa tambayar yaushe rabon ta da runtsawa.

Bayan wasu makonni sai ta zube. Ta rufe shago, ta kwanta tana kallon bango, ko wanka sai na lallashe ta. Waɗanda suka gama cin ƙarfinta su ne masu cewa son jiki ne.

Wata damina abin ya wuce na kullum. Ta kwashe yadukan mutane ta rabar wa masu wucewa, ta tsaya tsakiyar titi da rana tsaka, ba takalmi ba ɗankwali, tana ba 'yan acaɓa hannu, tana shelar za ta buɗe kamfanin da zai tufatar da Keffi gaba ɗaya. Jama'a suka taru, amma ba a samu mai yafa mata mayafi ba. Wayoyi suka ɗaga. Kafin in iso wurin, bidiyon ya shiga zauren hirar danginmu na waya, wani ɗan gwaggo har ya sa masa hoton dariya.

Baffanmu ya zo da shawararsa a shirye: akwai wani mai cire iska a can bayan Panda. Na taɓa ganin wanda ya dawo daga hannun mutumin, da tabon mari a idon sawunsa.

Na ce, "Baffa, asibiti za mu kai ta."

Ya ce, "Wurin mahaukata? So kike ki zubar mana da mutuncin gida?"

"Mutuncin gidan yana cikin wayar kowa, Baffa. A cikinmu aka fara yaɗa shi."

Ya fita bai yi mini sallama ba.

Maƙwabciyarmu ce ta raka mu asibitin, wata malamar makaranta 'yar ƙabilar Eggon wadda ƙanenta ke da irin lalurar. Likitan ƙwaƙwalwa ya saurare ni ina ta ba da labarin kwanciyarta da kukan da takan yi, sai ya dubi Yaya.

"Lokacin da kike jin ƙarfi fa? Kina barci?"

Ta ce, "Ai lokacin lafiyata ƙalau, likita."

Ya ce a'a, shi ma ciwon ne. Sunansa baifola. Yakan ɗaga mutum sama har ya kasa tsayawa, sannan ya sake shi ƙasa, kuma duka ɓangarorin biyu ake yi wa magani. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Takaici ya kama ni. Ashe shekara da shekaru ciwonta muke tafa wa.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Maganin farko ya sa hannunta karkarwa har ta kasa zura zare a allura, sai da muka koma aka canza. Akwai sanda wata mai ba da shawarar da ba a nema ba ta ce mata ƙwayoyin na hana aure, ta daina sha a ɓoye, muka sake komawa baya. Na je har gidan matar na faɗa mata abin da ba zan rubuta a nan ba.

Yanzu Yaya tana ɗinkinta, tana zuwa ganin likita ranar da aka sa mata, kuma da ta ga barcinta ya fara raguwa ita ke fara gaya mini. Kwanaki wata mai kawo ɗinki ta tambaye ta ko "abin" ya tashi, na miƙe zan ba ta amsa. Yaya ta riƙe mini zani.

Ta ce, "Zauna. Ni zan yi mata bayani."

Ta kashe keken, ta ja wa matar kujera. Ni kuwa na fita waje, don ban amince da bakina ba.