Ranar da Kawu Ya Ƙwace Linzamin Injiniya

Injiniya muke ce masa a ofis, ko da yake ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ba. Kwas ɗin kwamfuta na wata shida ya yi, ya dawo da tabarau marar magani da jakar da ko banɗaki zai shiga ba ya ajiye ta. Ni ce mai buga takardu, teburina na kallon nasa, shekara tara ina shan labarin basirarsa.

Da aka ce tsofaffin ma'aikata su riƙa sabunta rajistar fansho ta intanet, shi aka ba aikin tsara fom. Sati uku yana jan akwatunan rubutu da linzamin kwamfuta, wannan ya hau sama, wancan ya koma gefe, yana sauya launi kamar mai zaɓen atamfa. A ido kam fom ya yi kyau. Amma a ƙarƙashi, akwatunan suna nan a hargitse, yadda ya fara jefa su.

Cikin masu cike fom ɗin har da kawunsa, wan mahaifiyarsa, tsohon malamin lissafi da ya rasa ganinsa. Kawu ba ya amfani da linzami. Madannin tab yake dannawa ya tsallaka daga akwati zuwa akwati, wata murya a kwamfutar tana karanta masa inda yake.

Ran nan da hantsi sai ga Kawu da sandarsa, ya tsaya a kan Injiniya.

"Kai ka yi wannan abin?"

"Ni ne, Kawu. Kowa sai yabawa yake."

"Daga sunana ya jefa ni lambar waya, daga nan sai 'Aika'. Na danna, ya ce ban gama ba. Ya tambaye ni ciwon da ke damuna, ya bi da 'shekara nawa', na sa shida. Ashe shekarun haihuwata yake nufi! Ɗan shekara shida da fansho?"

"Ai Kawu da kun kira ni na cike muku."

"Hannuna ne ya mutu?"

Kawu ya laluba teburin, ya zare linzamin ya jefa a aljihu, ya juya fuskar kwamfutar ta kalli bango. Ya sa aka kunna muryar.

"Bismillah, cike."

Injiniya ya danna, ya sake dannawa, zufa na bin tabarau. Da muka juyo da kwamfutar, ya rubuta sunan unguwarsu a gurbin magaji, sunansa kuma babu shi ko'ina. Sai da na shige bayan kabad na yi dariyata.

Injiniya ya yi ta cewa gyaran zai ci wata guda, amma minti arba'in ya ɗauka, don Kawu ya ƙi tashi daga kujerar. Injiniya ya jera akwatunan bi da bi, daga sama zuwa ƙasa.

A taron ma'aikata kuwa sai ga Injiniya ya miƙe, wai ya daɗe yana tunanin 'yan'uwanmu marasa gani, shi ya sa ya ƙirƙiro sabon tsari. Oga ya sa aka tafa masa.

Kawu ya cike fom ɗinsa a gida. Ni ya bugo wa waya, ba Injiniya ba.

"'Yata, fom ya tafi. Amma ki gaya wa ɗan nan, gurbin adireshi ba shi da suna, 'akwati' kawai muryar ke cewa."

Na gaya masa. Ya ce sai Litinin. Litinin uku ke nan.