Mai Awon Jirage, Wanda Ya Ƙi Sa Hannu

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Da safiyar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, ina tsaye a ɗakin tuƙi ina duba ma'aunin mai, babban ɗanka ya kira ni a waya ya ce Allah Ya yi maka cikawa bayan jinyar wata biyu. Baba Mai Awo, shekara talatin da shida ka yi kana auna jiragen ruwa a tasharmu, kana ba kowanne takardar aikin da ya dace da shi. Ni ne kyaftin ɗin jirgin fiton da ke kai mutane tsallake, kuma ina cikin waɗanda suka fi kowa ƙin jininka a da. Shi ya sa nake ganin ni ya kamata in rubuta wannan.

Duk wanda ya yi aiki a tashar ya san siffarka: farar riga mai aljihu biyu, tef ɗin awo a ɗaya, zare da dunƙulen dalma a ɗayan, da fensir a bayan kunne wanda kullum kake nema alhali yana nan. Kana hango jirgi daga nesa za ka faɗi abin da aka ƙera shi don shi. Ka koya mana cewa jirgin mai daban, na kwantena daban, na dabbobi da na kamun kifi da ƙaramin nan mai jan manya duk daban, kuma ba fenti ne ya raba su ba, ƙirar cikinsu ce. Kai ka fara fahimtar da ni cewa tan ɗin da ake rubutawa a takardar jirgi iri biyu ne, ɗaya girman cikinsa yake nufi, ɗaya nauyin da zai iya ɗauka. Na yi shekara tara ina tuƙi kafin nan ban san haka ba, kuma ba ka yi mini dariya ba.

Tsawo, faɗi, zurfin da jirgi ya nutsa a ruwa, da tazarar da ta rage daga ruwa zuwa bakinsa, duk da hannunka kake auna su. Ba ka yarda da lambar da wani ya karanto maka. Ka sha shiga rumbun kaya da rarrafe, ka fito rigarka ta yi baƙi ƙirin, ka ce wa mai jirgi santimita huɗu sun ɓace tsakanin takardarsa da ƙarfensa. Muna zaginka a bayan ido, idan ka iso mu miƙe mu ba ka kujera.

Rigimarmu ta taso ne shekara goma sha tara da suka wuce. Mai jirginmu ya sayi tsohon jirgin ɗaukar siminti, ya kira masu walda suka ɗora masa bene, aka jera kujeru sama da ƙasa, aka shafe shi da farin fenti. Yana neman takardar jirgin fasinja mai ɗaukar mutum ɗari uku, ni kuma ya yi mini alkawarin tuƙa shi. Har hula na saya. Da muka fita gwaji, jirgin yana kwanciya dama a hankali, ya daɗe, sannan ya dawo hagu a hankali. Mu duka muka yi ta murna, muna cewa ga jirgi mai ladabi, ko tsohuwa ba za ta yi amai a cikinsa ba.

Ka zo ka sa aka sassauta igiyoyi, ka tara mu mu talatin, har da mai dafa abinci, ka ce mu riƙa gudu tare daga wannan gefe zuwa wancan. Manyan mutane da gemu muna ta kai da komo kamar an saki awaki, 'yan dako suna gaɓa suna tafa mana. Da jirgin ya ɗauki rangaji ka ce kowa ya tsaya cak a tsakiya, ka zuba wa agogonka ido kana ƙirga daƙiƙa. Daga nan ka rataya zarenka, ka sa aka matsar da ƙarafa masu nauyi gefe guda, ka auna yadda dalmar ta kauce. Ka rufe littafinka ka ce, “Wannan jirgin siminti ne da aka ɗora wa bene. Ba zan sa hannu ba.”

Na ce, “Haba Baba, ba ka ga yadda yake tafiya a natse ba?”

Ka ce, “Kyaftin, natsuwar ce ta ba ni tsoro. Jirgin da ke saurin miƙewa nauyinsa na ƙasa. Wannan da yake jinkiri, shawara yake yi ko ya dawo ko ya zarce.”

Ban ji ba, kuma ban so in ji ba. Mai jirgi ya aiko maka da manya, ka ba su shayi ka raka su ƙofa. Sai muka kai ƙararka ga hukumar tasha cewa tsufa ya kama ka, kana hana jama'a abin hawa saboda taurin kai. Ni na rubuta takardar da hannuna, yau ina faɗa a gaban kowa. Aka dakatar da kai, aka karɓe hatiminka, aka kafa kwamiti, kuma kowa ya san wani aka shirya kawowa ya sa hannun. Saura shekara huɗu ka yi ritaya a lokacin, ga 'ya'ya biyar a makaranta.

Ba ka roƙi kowa ba. Abu ɗaya ka nema a wurin kwamitin: a ɗaure jirgin da igiyoyi masu ƙarfi a gaɓa, a hau da buhun yashi ɗari uku saman benen, daidai nauyin mutum ɗari biyu, sannan a matsar da su gefe guda. Ka ce haka fasinja suke yi idan an doshi gaɓa, kowa na son ya hango wanda ya zo tarbarsa, kuma ba kyaftin ɗin da ya isa ya hana su.

Ranar tashar ta cika maƙil. 'Yan dako suka fara jan buhuna, shugaban kwamiti yana tsaye a bakin jirgin da takalminsa mai sheƙi. Ba a kai buhu na ɗari da arba'in ba jirgin ya kwanta, ya ƙi tashi. Igiyoyi suka miƙe suna ƙara, kujerun ƙasa suka zame suka taru a lungu, ruwa ya hau ya shafe takalmin shugaban har idon sawu. Da rarrafe ya fita. Ni kuma na riƙe ƙarfen ɗakin tuƙi gam, abin da nake gani a wurin buhunan nan mata ne da goyo. Sai wani tsoho cikin 'yan dako ya yi kabbara, tasha duk ta ɗauka. Wallahi ban taɓa ganin nasara irin ta ranar ba, kai kuwa kana can gefe kana laluben fensirinka.

A makon aka mayar maka da hatimi. Ka sa aka yanke benen, aka zuba nauyi a ƙasan jirgin, ka sake auna shi daga hanci zuwa wutsiya, ka rubuta masa mutum ɗari da ashirin. Mai jirgi ya so ya ɗora mini laifi ya kore ni, kai ka ce a bar ni, wanda ya gani da idonsa ya fi baƙo amfani. Ka san rubutuna sarai, amma har ka koma ga Allah ba ka taɓa tayar mini da zancen takardar nan ba. Shekara goma sha tara ke nan ina tuƙa jirgin, ban taɓa rasa ran mutum ɗaya ba.

Bayan ritaya ka koma tsallake da zama, can kuma aka sa jana'izarka bayan azahar. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya mutum kusan ɗari biyu sun taru a gaɓa, kyaftin-kyaftin, masu walda, 'yan dako, ma'aikatan ofis, kuma jirgina kaɗai ke kan hanyar a ranar. Ruwa kwance lumui, ko iska babu. Na tsaya a ƙofa da kaina na ƙirga ɗari da ashirin, na ja sarƙa. Wani tsohon abokin aikinka ya kama hannuna yana hawaye ya ce, “Kyaftin, yau ɗaya dai. Jana'izarsa ce fa.” Na ce masa, “Saboda tasa ce ba zan ƙara ko mutum ɗaya ba.”

Na sauke na farko, na juyo na ɗauki sauran. Kafin mu isa an sallace ka, an rufe. Ban samu sallarka ba, Baba, ban ɗauki makararka ba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Muka tsaya a bakin kabarinka mu saba'in da wani abu muka yi maka addu'a. Da na shiga gida gaisuwa na fara ba matarka Inna haƙuri a kan makarar da muka yi, ta katse ni ta ce, “Da ka kwaso su gaba ɗaya, da ban amsa gaisuwarka ba.”

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sanya duk ran da ya tsallaka lafiya ta dalilinka a mizaninka na alheri. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka biyar, da jikokinka, da duk ma'aikatan tasha. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci bayansa, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.