Haruffa Masu Takalmi

Da zan buga littafina na farko, mai ɗab'in ya fitar mini da shafin farko iri biyu, ya ce in zaɓa. Na farkon haruffansa suna da 'yan ƙafafu a ƙarshen kowane zane, nan kauri can siriri. Su yake kira masu takalmi. Na biyun miƙaƙƙu ne, kaurinsu ɗaya, ba ado, irin na allon shago.

Na kai wa Baba, don dai ya sa albarka. Baba dillali ne a kasuwar shanu, da furfurarsa ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, ga ido ya fara gajiya. Ya ɗauki mai takalmin, ya kawo kusa, ya kai nesa, ya ajiye.

"Waɗannan sun cakuɗe kamar garke a bakin rijiya," in ji shi.

Ɗayan kuwa ya bi shi da yatsa yana haɗa baƙi, har ƙasan shafi. Labarin wata saniya ne da ta ɓace wa mai ita a hanyar Gadaka, shafin ya ƙare ana tsakiyar cigiya.

"A yi da wannan," ya ce. "Shi nake gani."

Na ce to. Amma abokaina marubuta sun riga sun hure mini kunne, wai littafin kirki da masu takalmi ake buga shi, marasa ado na 'yan firamare ne. Ni kuma lokacin ina ji da kaina, ina so a ce mini marubuci. Na koma na zaɓi masu takalmi, ƙanana ma kuwa.

Littafi ya fito. Baba ya sa shi a aljihun babbar riga, duk ranar kasuwa sai ya nuna wa abokansa. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, ni kuma na fake da shirunsa. Ban tambaye shi inda ya kai a karatun ba, don ina tsoron amsar. Har yau kunyar wannan ba ta sake ni ba.

Bayan kusan shekara, muna zaune a zaure da la'asar, ya zaro wata takarda daga cikin littafin, duk ta yi laushi don yawan ninki. Shafin gwajin nan ne, marar takalmi.

"Na daɗe ina so in tambaye ka," ya ce. "Saniyar nan, an gan ta kuwa?"

A shafi na biyu aka gan ta.